A Kai Kalangu Da Ƙwarya Makarantunmu Tun Masu Haɗa Su Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga hukumomin ilimi na jihohinmu, da shugabannin makarantun firamare na gwamnati da masu zaman kansu, da kuma iyaye. Maganar ganguna ce da sauran kayan kiɗan da ake bugawa da hannu, da yadda muka raba 'ya'yanmu da su.

Ni malamin firamare ne a Funtuwa, na daɗe ina koyar da Hausa da darasin al'adu da fasaha a aji huɗu zuwa shida. Gidanmu gidan fawa ne. Mu ba makaɗa ba ne, amma duk wanda ya tashi a gidan mahauta ya san ba a raba mu da kalangu.

Duk makarantar da ta ɗan samu sarari, abin kiɗa na farko da take saya shi ne kayan ban: babbar gangar nan mai fatar roba da ake ratayawa a ƙirji, da ƙanananta masu jikin ƙarfe, da fayafayen tagulla da ake gwarawa. Da su ake maci da safe a shiga aji, da su ake fita fareti ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba. Ban ƙi wannan ba, yana da amfaninsa, ko ba komai yana sa yara su yi sammako. Amma ka shiga ofishin hedimasta ko sito ka nemi kalangu ɗaya, ko shantu, ko ƙwaryar kiɗa, ba za ka samu ba. A cikin littafi kawai suke. Yaro zai zana kalangu a takarda, ya haddace cewa kotso da taushi da jauje kayan kiɗan fada ne, ya rubuta a jarrabawa ya ci maki, alhali in ka ajiye masa su ukun a gabansa ba zai iya nuna maka wanne ne wanne ba. Ni da nake ba shi makin, raina bai taɓa kwantawa da wannan karatu ba.

A gida ma haka abin yake. Da Sallah uba zai tsaya wurin mai kayan wasa ya saya wa ɗansa 'yar gangar roba da aka yo daga Sin. Muryarta ɗaya ce ko ta ina ka buge ta, kuma kafin a gama yawon Sallah ta tsage. Ba mai gyara ta, sai bola.

Kuma ba yaran ne suka ƙi kiɗa ba. Malami ya fita daga aji na ɗan lokaci, in ya dawo kiɗan tebur zai tarar, wani na riƙe da ƙasa, wani na yi masa ado a sama, ba wanda ya koya musu. In azumi ya kai goma, ka ga yadda suke bin bola suna neman babban gwangwanin madara ko na tumatir, su rufe bakinsa da leda mai kauri ko guntuwar fatar da suka roƙo a mahauta, su ɗaure da tsohuwar robar tayar keke, su fita tashe. 'Yan mata kuwa da tafi kaɗai suke tayar da gaɗa. Sha'awar tana nan, kayan ne da mai koyarwa muka hana su.

A gidan makaɗa ba a fara ba yaro babban kalangu. Kuntuku ake rataya masa, 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya da ake kaɗawa da 'yan sanduna biyu, aikinsa kawai ya riƙe bugu ɗaya kada ya kauce, komai daɗewar kiɗan. In hannunsa ya zauna sai a matsar da shi kan ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da aka ɗaure tsarkiyarsa a murya ɗaya. Sai ya yi shekaru yana amsa wa manya kafin a bar shi ya saɓa uwar kalangu a hammata. Duk malamin da ya san aikinsa zai gane cewa wannan manhaja ce cikakkiya, daga sauƙi zuwa wuya, kuma ba a ofis aka tsara ta ba. Yaron da ya bi ta ya koyi saurare kafin magana, ya koyi jiran lokacinsa, ya koyi cewa in ya yi gaggawa ya ɓata wa kowa. Abubuwan nan su ne muke ta fama da bulala da tsawa mu cusa wa yara a aji.

Sannan ga harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka tana faɗuwa, kuma a nan ma'ana take. Wannan darasi yana ba ɗalibai wuya har a sakandare, domin a allo ake zana musu shi da alamomi. Kalangu kuwa a kunne yake sa shi. Baki biyu gare shi, tsakiyarsa a tsuke, tsarkiyoyi sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. In makaɗi ya matse su da hammatarsa fatar ta ɗame, murya ta hau. In ya saki ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Na taɓa gayyato wani dattijo mai kalangu ajina, na biya shi daga aljihuna. Ya ce kowane yaro ya faɗi sunansa, shi kuma ya maimaita da kalangu. Da ya gama zagaye sai ya juya abin, ya riƙa buga suna, mai sunan ya miƙe. Kusan dukansu sun gane nasu, har da wani yaro mai i'ina wanda ba ya yarda ya yi magana a aji. Shi ya fara tashi, kuma shi ya fi kowa saurin kama bugun da dattijon ya koya musu daga baya. Bayan wannan rana, da na koma allo da alamomin karin sauti, ban sha wahala ba. Wani jami'i da ya zo duba aiki ya ji labari ya ce min kada in mayar da makaranta dandali. Na ba shi girmansa, amma na nuna masa shafin manhajar da ya ce a koyar da kayan kiɗan gargajiya, na tambaye shi yadda ake koyar da sauti ba tare da an ji shi ba.

Ya mai girma Edita, a ƙasar Hausa ganga ba abin nishaɗi kawai ba ce, kowace sana'a da tata. Mu mahauta kalangu ne namu. Ina yaro, in za a yanka babban sa, tun jajibirin kasuwa mai kalangu yake zagayawa, duk wanda ya ji ya san gobe akwai nama mai kitse, kuma daga taken da ake bugawa an san sa na wane ne. Dambe ma wasanmu ne, kuma kalangu ke tayar da shi. Ka ga ƙato yana zaune lafiya, da an taɓa takensa sai tsuma ta kama shi. Maƙera dundufa ce tasu. Manoma suna da gangar noma, wadda ake bin 'yan gayya da ita kunya-kunya, a zuga wannan a zuga wancan har a gama gonar da mutum ɗaya zai yi mako bai gama ba. Mafarauta da 'yan tauri suna da talle. A fada akwai kotso da taushi da ake kaɗawa da tafin hannu da yatsu, da jauje, da kuge na ƙarfe, sannan uwa uba tambari, wanda ba a buga shi don kowa sai sarki. 'Yan Ƙadiriyya suna zikiri da bandiri. Mata a cikin gida suna da shantu, doguwar dumar nan da ake bugawa a cinya ana toshe bakinta da hannu, suna da ƙwarya da ake kifawa a ƙasa ko a kan ruwa a cikin babban masaki, ga caki, ga lugude in ana daka. Yaron da ya san waɗannan da kunnensa ya san yadda garinsu yake a tsare, wa ke yin me, kuma wa ke tare da wa. Wanda bai sani ba, duk ƙara ce a wurinsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali dai shi ne masu haɗa kayan. Kalangu ɗaya hannu da yawa ke taruwa a kansa. Masassaƙi ne zai nemo ice, alilliba ko ƙirya, ya bar shi ya bushe, ya fafe cikinsa ya fitar da kango, kuma in ya yi kuskure a kaurin tsakiya muryar ta tafi ke nan. Mahauci ne zai ba da fatar ɗan akuya marar kauri, wadda wuƙa ba ta yi wa rauni ba wajen fiɗa. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta a jikin kirinya, zoben da ke riƙe ta a bakin kango. Baduku ne zai yanko tsarkiya siri-siri, a zarga ta daga baki zuwa baki a daidaita, kada wani gefe ya fi wani ɗamewa. Sai makaɗi, sandar nan mai lanƙwasasshen kai. Kotso da taushi kuma sai an manna musu nake, ɗan baƙin danƙon da ke tsakiyar fata, wanda shi ke ba su zurfin murya. Bayan an gama ma ba a huta ba: da damina fata na saki sai an shanya ta ko a kanga ta a wuta, da hunturu tana bushewa ta nemi tsagewa, tsarkiya na son mai. Duk wannan ilimi a kan mutane yake, ba a rubuce ba.

Mutumin da na sani yana wannan aiki a yankinmu ya tsufa, idonsa ya fara rauni, zaren ɗinki ma sai jikansa ya zura masa. 'Ya'yansa maza ɗaya yana tuƙa Keke Napep a Kaduna, ɗaya yana sayar da kayan waya. Ban ga laifinsu ba, sana'ar da ba ta ciyar da gida ba a tilasta wa yaro ita. Da na tambaye shi ko zai iya yi min ƙananan kalangai na yara, sai ya ce, "Malam, yi ba wuya, icen ne babu, mai saye ma babu." Gaskiya ya faɗa. Dazukan da ke yamma da mu, wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, inda masassaƙa ke shiga neman ice, shekarun nan ba mai shigarsu da gatari ya tabbata zai dawo, saboda 'yan bindiga. Abin da ya rage a kusa kuma masu gawayi sun riga kowa, kuma ƙirya suka fi so domin gawayinta ya fi daɗewa yana ci. Fata ma ta yi tsada. Ta awaki dillalai na kwashe ta zuwa masana'antun jima na Kano a fitar da ita waje, ta shanu kuma an mayar da ita ganda ana ci. Wannan a gidanmu nake ganinsa kullum. Ga kuma fiyano a situdiyo, mutum ɗaya ya danna ya fitar da muryar kalangu da ta ganga, ƙungiya guda ta rasa aiki. Mutane sun manta cewa muryar da ke cikin na'urar daga gangar gaske aka ɗauko ta.

Na san akwai masu cewa addini bai yarda ba, kuma ba zan raina wannan magana ba, domin masu yin ta da yawa tsoron Allah ne ya sa su. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Abin da kowa ya sani shi ne malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa. Hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su, yana cikin Buhari da Muslim. Buga duffu a wajen aure sananne ne. Malaman jihadi ma, da suka yi kakkausar suka a kan kiɗan sharholiya da cakuɗuwar maza da mata, ba su hana gangar yaƙi da ta shela ba. Abin da nake nema darasi ne na rana tsaka, a cikin aji, a gaban malami, maza daban mata daban in haka makarantar take, ba batsa ba zagi ba liƙi. Uban da duk da haka bai yarda ba, a girmama ra'ayinsa, a ba ɗansa wani aikin hannu a wannan lokaci, kada kuma a rage masa maki. Sai dai ina roƙon mu yi wa kanmu adalci: gangar roba da ake maci da ita kowace safiya ita ma ganga ce.

Ɗaya dalilin kuwa, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne raini. A wurin Bahaushe makaɗi maroƙi ne, ana jin daɗinsa ranar biki, amma ba a son haɗa zuri'a da shi. Mu mahauta mun san ɗacin irin wannan kallo, don mu ma an yi mana. Uba yana tsoron in ɗansa ya taɓa kalangu gobe ya gan shi yana bin masu kuɗi a gidan biki. Amma ai muna koya wa yara noma a lambun makaranta, ba kuma dukansu ke zama manoma ba. In ma wani ya zama makaɗin, mene ne abin kunya? Alhaji Mamman Shata a nan Funtuwa ya yi zamansa, da kalangu ya yi suna, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, har yau ana rubuta kundayen digiri a kan waƙoƙinsa. Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta zaga ƙasar nan, mata suka ji bakinsu a bakinta. Garin da ya ga waɗannan biyun bai kamata a ce ɗalibansa ba su taɓa riƙe sandar kaɗa kalangu ba.

Ba yara kaɗai nake wa wannan magana ba. Iyayenmu mata in ana biki ko suna, a tsakar gida suke kifa ƙorensu, su yi amadarsu su kaɗai, kowa ta yi rawa ta yi dariya, ba namijin da ke leƙe. Yanzu an koma ɗaukar mai na'ura da manyan lasifikoki a zauren taro, maza da mata a cakuɗe, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin talaka. Duk mai kishin kunya da sutura ya kamata ya fi kowa son ƙwarya ta dawo. Ba tsada gare ta ba, mace ba ta bukatar wutar lantarki kafin ta kaɗa ta, kuma wadda ta wuni tana fama da hidimar gida in ta zauna cikin 'yan uwanta suka yi kiɗa suka yi amshi, nauyin ƙirji na raguwa. Cibiyoyin koyar da mata sana'a da ƙungiyoyin matasa na unguwa za su iya ajiye ƙore da shantuna da 'yan ganguna kamar yadda suke ajiye keken ɗinki da ƙwallo. Makarantun kurame ma kada a manta da su, domin yaron da ba ya ji da kunne yana jin motsin ganga a tafin hannunsa da ƙirjinsa.

Wasu sun riga mu gane wannan. Ƙasar Gini bayan ta samu 'yanci a 1958 ta ɗauki nauyin ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa ta ƙasa, suka zaga duniya da gangarsu jembe. Yau ana sayar da jembe a shagunan Turai da Amurka, ƙanana na yara da manya na manya, ana koyar da ita a makarantu, masassaƙan Gini da Mali suna cin abinci da ita. Maƙwabtanmu Yarbawa ba su saki gangarsu mai magana ba, tana cikin bikinsu da waƙoƙinsu na zamani. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na Nijar. Mu kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, muka yi murna. To, hawan nan ba dawaki da rawuna kaɗai ba ne. In fatar tambari ta fashe nan da shekara ashirin, wa zai sake ta?

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Hukumar ilimin bai ɗaya ta kowace jiha, in za ta raba kayan koyarwa, ta sa 'yan kayan kiɗan gida a ciki: ƙananan kalangai daidai hammatar yaro, kuntuku, ƙore, shantu da caki. Kuma kada a ba ɗan kwangila ya je ya yo odar kwaikwayonsu na roba daga waje, a sayo su kai tsaye daga masu haɗa su a ƙaramar hukumar da makarantar take. In tsohon nan da na ambata ya samu odar makarantu goma, jikan da ke zura masa zare zai ga dalilin zama ya koya, masassaƙi da baduku da mahauci kowa zai samu nasa, kuɗin kuma bai bar gari ba. Makarantu masu zaman kansu ba sa bukatar jiran kowa, ƙungiyar iyaye da malamai ta isa ta yanke wannan a zama ɗaya. A riƙa gayyato makaɗi ko mai kiɗan ƙwarya ko da sau ɗaya a mako, a ba shi kujera a ɗakin malamai, a kira shi malam, a biya shi a ambulan kamar kowane mai koyarwa, ba a yi masa liƙi a goshi ba. Sassan Hausa na kwalejojin ilimi, irin ta tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, su sa ɗaliban da za su zama malamai su taɓa kayan nan da hannunsu kafin a yaye su. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha ta bi gari-gari ta rubuta sunayen masu sassaƙa kango da masu ɗaura fata, ta ɗauki aikinsu a bidiyo daga farko har ƙarshe. Masu rabon irin itatuwa da damina kuma su sa alilliba da ƙirya cikin abin da ake dasawa a harabar makarantu, ba darbejiya kaɗai ba.

Kai ma, ya Edita, kana da naka. Ka turo wakilinka ya zauna da waɗannan dattawa a Funtuwa da Katsina da Zariya da Kano da Gusau, ya tambaye su yadda suka koya da halin da suke ciki, a buga da hotunansu. In ya zo Funtuwa ya neme ni ta hannun jaridar nan, ni zan raka shi da ƙafata.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
Funtuwa, Jihar Katsina.